Katin Inshora da Kunyar Ɗan Fari

Hajiya Zulai, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma maganar idon mahaifiyata ce. Na san kin yi aikin jinya shekaru masu yawa kafin ki ajiye aiki ki kama wannan fili na amsa wasiƙu, shi ya sa na ce ke ce za ki warware mini yaren 'yan inshora. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye, ni ba marubuci ba ne, direba ne a wani ofishin gwamnatin tarayya, ina zaune da iyalina a Anka. Bokona ya tsaya a aji uku na sakandare.

Shekara biyar ke nan ina da katin inshorar lafiya, ni da matata Zaliha da yaranmu huɗu. Gaskiya ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Yana nan cikin aljihun mota tare da lasisi, sai zazzaɓi ya kama yaro a tuna da shi. Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne da azumin da ya wuce. Akwai abokin aikina Ɗahiru, mutumin Gummi. Mahaifinsa Malam Shitu ya shekara uku ba ya gani, yanar ido ta rufe masa duka biyun, da sanda yake zuwa masallaci. Ɗahiru ya sa shi cikin katinsa, aka yi ta takardu, daga baya aka ce a kawo shi babban asibiti a yi masa aiki. Ni na tuƙa su, kuma ina cikin ɗakin da safe lokacin da aka cire masa bandeji.

Hajiya, ikon Allah! Tsohon nan hannunsa ya ɗaga yana juya shi, gaba da baya, kamar wanda aka ba aron wani sabon abu. Can ya dubi Ɗahiru ya tambaye shi yaushe ya yi furfura bai faɗa masa ba. Ni dai fita na yi na tsuguna gindin mota kamar ina duba taya, don kada a ga ƙato yana hawaye. Bara ni na riƙa kai manyanmu Bagega lokacin da ake kwashe ƙasar gubar dalma, na ga an kankare ƙasar gari guda gida-gida an zuba sabuwa, na ce ai na gama ganin abin mamaki a duniya. Ashe da saura. Aikin da bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba ya mayar wa mutum duniyarsa. Kuma abin da Ɗahiru ya fitar daga aljihunsa a ranar, na magani ne kawai, bai kai man da muka sha a hanya ba. Na tambaye shi to wa ya biya sauran? Ya ce mutanen da ba su san Malam Shitu ba, wasu a Legas, wasu a Maiduguri, masu lafiyarsu lau. Wallahi har yau idan na tuna wannan magana sai tsikar jikina ta tashi.

Tun a hanyar dawowa zuciyata ta tafi ƙauyenmu na bayan Bukkuyum, wurin mahaifiyata. Ita ma yana ce ta rufe mata ido, shekara biyu ke nan. Matar da take tsince tsakuwa daga shinkafa tana hira ba ta ko duba faifai, yanzu sai an juya ta an nuna mata alƙibla. Wani ma'aikacin asibiti ya haska idon ya ce irin wadda ake cirewa ce, amma kada a yi ta jan lokaci.

A nan sai na yi miki bayanin gidanmu, don nan matsalar take. Ni ne ɗan fari. Kin san yadda abin yake a wurinmu, balle kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar mahaifina, Hure, ita ta raine ni, ita nake kira Inna har Allah Ya karɓi ranta. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don haka na taso na ji Inna Hure tana kiranta. Shekarata arba'in da huɗu, Yaya ba ta taɓa faɗin sunana ba. Idan na je gaishe ta, bango take amsa wa. Idan za ta aiko mini da daddawa sai ta ce a kai wa mutumin Anka. Ban taɓa jin zafin haka ba, haka na ga ana yi, abokaina ’yan fari ma duk haka suke.

To, na tambaya aka ce ana iya ƙara uwa ko uba cikin kati idan mutum ya biya wani abu duk shekara. Na je na ɗauko ta har Gusau, ofishin rajista. Aka ɗauki hotonta, aka ɗora yatsanta kan wani ɗan gilashi mai jan haske, sai ga zanen yatsan ya fito ƙato a fuskar kwamfuta. Na ce mata Yaya, ga yatsanki can a talabijin. Ta yi dariya ta ce a gaishe shi. Komai na tafiya daidai, har ma'aikaciyar, wata yarinya mai kirki da Hausar Kano a bakinta, ta ɗago kai ta tambaye ta ko ni ɗanta ne.

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa inda nake baya. Yarinyar ta sake tambaya da ƙarfi, ta zaci ba ta ji ne. Sai Yaya ta ce, a hankali, “Ɗan Hure na.” Yarinyar ta ajiye biro. Ta ce to Hajiya, mene ne sunan ɗanki? Yaya ta ce Sufyanu. Ƙanena ke nan, manomi ne a ƙauye, shi ba ya da kati. Ga shi kuma tun shigowarmu yarinyar na ji ina ta Yaya, Yaya. Ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da kayan wani. Ta ce kullum ana kawo musu maƙwabta da gwaggonni a ce iyaye ne, ita ba za ta rubuta uwa ba alhali mai maganar da bakinta ta ce ba haka ba. Ta ce in je in kawo shaida. Hajiya, me zan ce? In ƙaryata mahaifiyata a gaban mutane? In ce mata Yaya, faɗi gaskiya ke kika haife ni? Na kama hannunta muka fito, muka kama hanyar Anka.

Yarinyar ta ba ni wata takarda da Turanci. Ɗahiru ya juya mini ita da Hausa, amma ko da Hausar ban fita ba. Wai ni ne mai kati, su Zaliha na ƙarƙashi, Yaya kuma ƙarin na ƙarƙashi. Uwa ce ƙari? Wai akwai asibitin farko, akwai na biyu, ba a zuwa na biyu sai da takardar turawa da lambar izini. Wai akwai wani kamfani a tsakani, HMO suke ce masa, ni ban san ko dillali ne ko ɗan sanda ba. Wai akwai lokacin jira, akwai kaso goma, akwai abubuwan da ba a ɗauka. Idan idon Yaya na cikin abubuwan da ba a ɗauka fa? Ɗahiru da kansa ya ce shi ma bin layi kawai ya yi har Allah Ya fid da shi.

Yanzu kowa da tasa shawarar. Wani a tasha ya ce in kai ta da katin Zaliha, wa zai ɗaga mayafin tsohuwa ya duba hoto? Wani ya ce in zaunar da ita in koya mata abin da za ta faɗa, kunya ba ta maganin makanta. Sufyanu kuwa ya gaji da ni da takarduna. Ya ce idan aka gama girbin gero kati bai fito ba, zai kira mutumin nan da ke zagaya kasuwanni yana ture yanar ido da allura, wai nan take ake gani. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. A ranar nan, karo na farko a rayuwata, maganarta ta yi mini zafi. Na ce a raina, ko don idonta ba za ta iya cewa ni nata ne sau ɗaya ba? Na kwana biyu ina ɗauke da abin. Ta yini biyu a gidana kafin in mayar da ita, kuma bayan tafiyarta Zaliha ta ba ni labari. Wai suna ɓarar gyaɗa da la'asar, Yaya ta tambaye ta ko maigidanta ya fara furfura a gemu, ko ya ɗauko goshin mahaifinsa. Zaliha ta yi dariya ta ce ai ke za a tambaya. Sai Yaya ta ce: “Rabona da in dube shi sosai tun ranar da anka yaye shi. Na ce sai na tsufa. Ga shi na tsufa.”

Hajiya, tun da na ji wannan ban sake zama daidai ba. Ki faɗa mini ma'anar kalmomin nan, ki faɗa mini yadda zan shigar da ita ba tare da na yi ƙarya ko na keta mata mutunci ba, kafin a yanke gero.

Naku, Mutumin Anka.

AMSA

Wa alaikumus salam. Zan kira ka ɗana, tunda ba ni na haife ka ba, babu kunya tsakaninmu.

Kafin komai, ka kira Sufyanu yau, ba gobe ba. Kada ya bari mai allura ya taɓa idon nan. Na yi shekaru ina karɓar waɗanda aka yi wa haka. Wasu sukan ga haske na 'yan kwanaki, daga nan ido ya kumbura ya mutu, kuma idon da aka lalata ta wannan hanya sau da yawa likita ba ya iya ceto shi. Yana kuwa, idan irin wadda aka faɗa maka ce, jiran 'yan watanni ba ya kashe ido, in dai babu ciwo ko ja. Idan ciwo ko ja ya taso, a kai ta asibiti ranar, da kati ko babu. Kada ka yi wa Sufyanu faɗa. Shi ke ganinta kullum tana lalube, tausayi ne ya sa shi gaggawa. Ka kai shi Gummi ya ga Malam Shitu da idonsa, hakan ya fi duk wata magana.

Batun ofis kuma, babu mai laifi a cikinsu. Yarinyar aikinta ta yi, amanar jama'a ce a hannunta, kuma ba ta san al'adarku ba. Mahaifiyarka ma ba ƙarya ta yi ba, a wurinta wanda ta ba Hure na Hure ne, haka aka tarbiyyantar da ita. Kuskuren kaɗan ne, kuma naka ne: da ka shiga kai kaɗai tun farko ka yi wa yarinyar bayani, da ba a yi tambayar a gabanka ba.

Yanzu ga kalmomin. Ka ɗauki inshora kamar rumbun gari, kowa ya zuba dami lokacin da yake da lafiya, wanda ciwo ya kama a ɗebo masa. Mai kati shi ne wanda aka buɗe rajista da sunansa, wato kai. Na ƙarƙashi su ne waɗanda katin ya ɗauka kai tsaye, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara goma sha takwas ba. Duk wanda ya wuce wannan, uwa ce ko uba ko ɗa na biyar, shi ake kira ƙari, ana biya masa daban duk shekara. Kalmar lissafin ofis ce kawai, ba ta auna darajar uwa.

Asibitin farko shi ne wanda ka zaɓa aka rubuta a katin, nan ake fara zuwa da kowane ciwo. Ka zaɓa mata wanda za ta iya isa cikin sauƙi, kusa da ita ko kusa da kai a Anka, in dai yana cikin tsarin. Kada ka zaɓi na Gusau don girmansa. Idan likitan farko ya ga abin ya fi ƙarfinsa, kamar aikin ido, sai ya rubuta takardar turawa zuwa asibiti na biyu. Kamfanin tsakani, wato HMO, shi ke karɓar kuɗin daga hukuma ya biya asibitoci, kuma shi ke ba da lambar izini, wadda ke nuna ya yarda zai biya wannan aikin. Asibitin farko ne ya kamata ya nemo lambar, amma ka riƙe lambar wayar kamfaninka, tana jikin katinka ko takardunka, ka riƙa bibiya. Kada ka ɗauki tsohuwa zuwa babban asibiti sai lambar na hannunka, in ba haka ba za a ce ka biya duka.

Kaso goma na magani ne: idan an rubuta magani, kai ka biya kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa, shi ne abin da ka ga Ɗahiru ya fitar. Lokacin jira shi ne tsakanin ranar rajista da ranar da sunanta zai isa asibitin, yakan kai wata biyu zuwa uku, don haka ka gaya wa Sufyanu gaskiya cewa gero zai riga kati shiga gida. Abubuwan da ba a ɗauka kuwa jeri ne na ayyukan da inshora ba ta biya, ko take biyan wani ɓangare. Tunda an yi wa Malam Shitu, ina kyautata zaton nata ma yana ciki, amma kada ka tsaya ga zatona. Ka tambayi kamfaninka ko cire yana da sa ɗan gilashin cikin ido duk suna ciki, kuma ka rubuta sunan wanda ya amsa maka da ranar.

Katin Zaliha kuwa, ka cire shi daga ranka. Ha'inci ne, zai iya jawo a soke na gidanka duka, kuma fayil ɗin mace mai shekara talatin da wani abu ba na tsohuwa ba ne. Likita na duba abin da ke rubuce kafin ya ba da magani.

Hanya biyu ke gabanka. Ta farko, ka samo takarda daga mai garinku ko hakimi cewa ita ta haife ka, ka haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, ka tafi da Sufyanu ya tsaya shaida. Ka shiga kai kaɗai ka yi wa ma'aikaciyar bayanin kunyar ɗan fari, cikin ladabi. Idan dole sai an sake tambayar mahaifiyarka, ka roƙa mace ta tambaye ta a keɓe, kai kana waje, kuma a ce mata ɗan da Hure ta raina, wa ya haife shi? Gyaɗa kai ma amsa ce. Ta biyu, ka tambaya game da shirin sa-kai, wanda mutum ke shiga da sunan kansa a biya masa na shekara, ba a tambayar ko uwar wa ce. Ka gwada farashin biyun da saurinsu, ka ɗauki wanda ya fi kusa.

Kada ka zaunar da ita ka koya mata faɗin sunanka. Abin da ta riƙe shekara arba'in da huɗu ba taurin kai ba ne, ita a wurinta girmamawa ce, kuma ka ji da kunnen Zaliha abin da riƙon ya ci mata. Zafin da ka ji ba laifi ba ne, ɗana, kowane ɗa yana son ya ji an ce nawa ne. Amma ai ta faɗa. Matar da ke tambayar goshinka ta gama faɗa.

Shawarata ta ƙarshe ba ta cikin takardar inshora. Ranar da za a cire mata bandeji, in Allah Ya kai mu, kada ka tsaya a gabanta, za ta kawar da kai kamar yadda ta saba. Ka bar Sufyanu da Zaliha su tsaya kusa. Kai ka koma can jikin taga inda haske yake, ka ba ta gefen fuskarka, ka yi kamar kana duba waya. Ka daɗe a haka, kada ka waiwayo.

Allah Ya buɗe idonta, Ya ba ta lafiya, Ya saka maka da alheri.

Hajiya Zulai